Yadda za ku ciyar da kyanwa mai saurin lalacewar ciki

Assalamu alaikum jama'a. Tambayar nan ta kyanwar da cikinta ba ya riƙe abinci an yi ta yi min ita har na ga gara in zauna in rubuta komai wuri ɗaya. Kusan duk labarin iri ɗaya ne, mage ta ci abinci ta juya ta amayar a tsakar ɗaki, ko zawo yau ya tsaya gobe ya dawo, jiki ya ƙi cikowa, gashi ya yi wani birkice-birkice, mai ita kuma ya yi ta sauya mata abinci har shi kansa ya rasa wanne ne ke ɓata mata ciki. Toh wannan yawan sauye-sauyen shi ne abu na farko da nake so a bari. Abu ɗaya tak ake canzawa a lokaci guda, a ba shi kwanaki, a riƙa duba kashinta. Dan Allah ku bi matakan a jere, kar wani ya tsallaka kai tsaye zuwa sayen abincin kanti mai tsada yana ganin kuɗi ne zai gyara.

Mataki na 1: Ku fara tabbatarwa ba na gaggawa ba ne

Ba duk amai da zawo ba ne maganarsu ta abinci. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku ajiye wannan rubutun ku kai ta asibitin dabbobi yau ɗin nan: jini a amai ko a kashi, kashi baƙi wuluk mai danƙo, amai sau da yawa a yini ɗaya har ruwa ma ba ya zama, ta kwanta lagwas ba ta ɗaga kai, dasashinta ya yi fari ko rawaya maimakon ja-ja, ko ta yini ta kwana ba ta sa komai a baki ba. Ku kama fatar bayan wuyanta ku ɗaga ku saki, in ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ɗan ƙaramin kyanwa kuwa da bai wuce wata uku zuwa huɗu ba, shi ko jiran yini ɗaya ba a yi, zawo yana gama da su da sauri, kuma akwai wata muguwar cuta mai yaɗuwa tsakanin 'ya'yan kyanwa da ke fara wa da amai da zawo, wadda allurar rigakafi ce kawai ke tare ta.

Gargaɗi a nan: in kun ga zare ya leƙo daga bakinta ko daga bayanta, kar ku ja. Kyanwa tana son wasa da zare, musamman a gidan da ake ɗinki ko saƙa, wani lokacin har da allurar take haɗiyewa, jan zaren nan yana iya yanka hanji. Haka in an sa maganin ɓera a gidan ko a maƙota a 'yan kwanakin nan, ku faɗa wa likita tun a bakin ƙofa.

Masu kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in garuruwan, sauran wurare kuma akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu.

Mataki na 2: Kayan aiki, da kwana uku na kallo

Kayan ba su da yawa: ƙaramin sikelin kicin, kwano mai faɗi marar zurfi na silba ko tangaran, cokalin shayi, roba mai murfi, baho ko tire da za a zuba yashi, sai littafi da biro. Kwanon roba ku bar shi, yana karcewa datti ya maƙale a ciki.

Bahon yashin nan kar ku raina shi. Yawancin kyanwoyinmu yawo suke yi, su haura katanga su yi kashi a waje su binne, ta yaya za ku san ko zawon ya tsaya? Kuma kyanwar da ke fita tana cin abincin gida uku, ga bola, ga ƙadangare, ga ɓera, duk tsarin da kuka yi mata a gida ya tashi a banza. Dole a tsare ta a ɗaki ko wani ɓangare na gida na tsawon wannan aiki. Za ta yi kuka kwana biyun farko, ku daure.

Ku rubuta me ta ci, ƙarfe nawa, yaushe ta yi amai, ya kashin yake. Ku lura sosai da irin aman domin iri biyu ne. In tana gama ci cikin 'yan mintuna abincin ya dawo yadda ya shiga, a dunƙule dogo-dogo, ba ta yi wani yunƙuri ba, har ma ta so ta sake cinyewa, wannan yawanci saurin ci ne ko an cika mata kwano. In kuwa sai ta yi ta lasar baki, miyau na zuba, ciki na bugawa sannan ta kawo abinci narkakke ko ruwa rawaya mai kumfa, wannan amai ne na gaske. Ku auna nauyinta ma, mutum ya hau sikelin auna mutane da ita a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, a cire. Ku ɗauki hoton aman da kashin a waya, likita zai ji daɗinsa fiye da dogon bayani.

Mataki na 3: Tsutsar ciki kafin komai

A ganina rabin kuɗin da mutane ke kashewa a abinci na musamman da sun fara da wannan da sun huta. Kyanwar da ke farauta ko take da ƙuma a jiki da wuya a rasa tsutsa a cikinta, alamar wata irin ma za ku gan ta a gindin wutsiya ko inda take kwana, 'yan farare kaman ƙwayar shinkafa. Ku ɗebi sabon kashi na ranar a leda mai tsafta ku kai a duba, gwajin yana nuna har ƙananan ƙwayoyin da maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashewa. Magungunan da likitoci suka fi bayarwa su ne pyrantel, praziquantel da fenbendazole, kowanne da irin tsutsar da yake yi wa aiki, kuma da nauyin jiki ake aunawa, shi ya sa na ce ku auna ta. Ana maimaitawa bayan sati biyu zuwa uku, sannan duk wata uku ga mai fita waje. In kyanwa biyu ko uku ne a gidan, duka za a ba su rana ɗaya.

Gargaɗi babba, ku karanta shi sau biyu. Kar ku ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka ibuprofen. Kafson nan ja da yalo da ake fasawa a zuba wa kaji a ruwa, da filajil, da maganin tsayar da zawo na mutane, duk kar a ba ta sai likita ne ya rubuta ya auna. Maganin ƙuma na kare ko na feshin shanu shi ma kar ya taɓa jikinta, da yawansu suna da sinadarin permethrin wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya.

Mataki na 4: Abubuwan da za a janye gaba ɗaya

Madara ce ta farko. Na san yadda muke, an ga mage sai a ce a zuba mata madara, tana sha kuma da marmari, sai dai yawancin kyanwoyi da sun wuce yaye cikinsu ya daina narkar da sukarin da ke cikin madara, shi ke wucewa hanji ya jawo ruwa ya zama zawo da iska. Ta gari, ta gwangwani, nono, kindirmo, ragowar shayin yara da burodi, duk a tsayar. Akwai gidajen da wannan kaɗai ake bari zawon wata da watanni ya ɗauke.

Sai ragowar abincinmu. Tuwo da miya, shinkafa da miya, taliya, romo, balangu da tsire, babu wanda ba shi da albasa ko tafarnuwa ko dunƙule ko yaji da mai. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa a hankali, ba lallai ku ga illar a ranar ba. Ƙashin kaza dafaffe da ƙayar kifi su ma a daina jefa mata, suna tsagewa su soki maƙogwaro ko hanji. Ɗanyen kifi, ɗanyen kayan cikin kaza da ake wurga mata lokacin fiɗa, kifin gwangwani mai mai da gishiri, kitse, duk su jira.

Inda aikin yake lalacewa shi ne mutanen gida. Ku tara kowa, yara, mai aiki, har Hajiya Kaka da ke tausayinta tana miƙa mata loma a ƙarƙashin faranti, ku yi musu bayani da girmamawa cewa loma ɗaya tana mayar da aikin sati guda baya.

Mataki na 5: Abinci mai sauƙi na kwana 3 zuwa 5

Kar ku ce za ku sa ta azumi don cikin ya huta. In ta yi amai, a janye abinci na 'yan awoyi, huɗu zuwa shida, ruwa na nan a gabanta, sannan a fara. Kyanwa ba kaman kare ba ce, in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci kitse yana taruwa a hantarta, ciwo ne mai kisa, kuma mai ƙiba ya fi kamawa. Ɗan ƙarami shi ba a janye masa abinci ko kaɗan.

Ku samu tsokar ƙirjin kaza, a cire fata da kitse da ƙashi, a tafasa a ruwa zalla, ba gishiri ba dunƙule ba albasa ba komai, har cikinta ya yi fari ba ja ko kaɗan. A yayyaga ƙanana-ƙanana, a zuba ɗan ruwan tafashen bayan an kwashe man da ya taso sama, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ranar farko cokali ɗaya na cin abinci, a jira awa uku zuwa huɗu, in ya zauna a ƙara. Daga rana ta biyu a kai ga cikakken kason yini, kyanwa mai kilo 3 zuwa 4 tana cin wajen giram 100 zuwa 120 na dafaffiyar kaza a rana, a raba shi kashi biyar ko shida. In kashin ruwa-ruwa ne, ku dafa kabewa ita kaɗai ku murƙushe, rabin cokalin shayi zuwa ɗaya a cikin abinci sau biyu a rana, tana taimakawa wajen haɗa kashi. Farar shinkafa da ta dahu luguf ana iya sa 'yar kaɗan, amma kar ta fi naman yawa, in ta tsince naman ta bar shinkafar ku ƙyale ta.

Ga mai saurin ci, ku baza abincin a faranti mai faɗi kar ku tara shi tsibi guda, kuma in akwai wata kyanwar a raba musu wuri, gasa ce ke sa su haɗiya ba tauna.

Gargaɗi: wannan abincin na jinya ne kawai, kar ya zarce kwana biyar. Tsokar kaza zalla ba ta da isasshen sinadarin ƙashi da sauran abubuwan da jikinta ke buƙata. In an yi kwana uku babu wani sauƙi, ku koma wurin likita.

Mataki na 6: Zaɓen abincin da za ta zauna a kai

Hanya biyu ce, kuma aljihu yana da ta cewa.

Ta farko abincin kanti. Akwai waɗanda aka yi musamman don ciwon ciki kaman Royal Canin Gastrointestinal, Hill's i/d da Purina Pro Plan EN, yawanci a asibitin dabbobi ko shagunan kayan dabbobi na manyan birane ake samunsu, daga waje ake shigo da su don haka farashinsu yana bin dala. In hali bai kai nan ba, ku nemi na talakawa da aka rubuta na kyanwa ne kuma cikakken abinci ne, ku juya bayan buhun ku karanta, abu na farko a jerin ya zama nama, kuma nama iri ɗaya ya fi mai haɗe-haɗen kaza da kifi da sa da launuka. Ku sayi mafi ƙanƙantar buhu tukuna, kar ku ɗauko kilo 10 ta ƙi ci ko ya ƙi ta. Ku duba ranar lalacewa, kuma ni ba na son wanda ake farke buhu ana aunawa a leda, ba ku san tun yaushe yake a buɗe ba. Ku lissafa kuɗin wata kafin ku fara, abincin da za ku iya saye kullum ya fi na ƙwarai da za a yi sati uku a kai kuɗi ya yanke a koma ragowar tuwo. Abincin kare bai dace da kyanwa ba ko da ya fi araha.

Ta biyu dafawa a gida, kuma a nan nake so ku natsu. Kyanwa mai cin nama ce zalla, jikinta yana buƙatar wani sinadari da ake kira taurin wanda a nama kawai take samu, rashinsa yana kawo ciwon zuciya da makanta, kuma ba a gane wa sai abu ya yi nisa. Zuciyar kaza da ƙundu da naman cinya sun fi tsokar ƙirji yawansa, wani kuma yana fita cikin ruwan tafashe, shi ya sa ba a zubar da ruwan. Hanta ana sa 'yar kaɗan, ba kullum ba, yawanta yana lalata ƙashi da gaɓoɓi. Don ƙashi kuma ana tafasa ɓawon ƙwai a shanya a daka ya yi laushi sosai, wajen rabin cokalin shayi ga rabin kilon nama. Duk da haka ku kai wa likita tsarin ya duba ya ƙara muku abin da ya rage, musamman ga mai ciki, mai shayarwa ko ɗan da ke girma.

Mataki na 7: Sauyawa a hankali

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, sai ka ji an ce sabon abincin ma bai karɓe ta ba, alhali a rana ɗaya aka juye mata shi. Ku raba kwanon kashi huɗu a ranku. Kwana biyu zuwa uku na farko, kashi ɗaya sabo uku tsoho. Kwana biyu zuwa uku na gaba rabi da rabi. Sannan uku sabo ɗaya tsoho, sannan sabo zalla. Gaba ɗaya kwana 7 zuwa 10, mai ciki mai laushi sosai ku ja shi har sati biyu, ba gudu ake ba. Duk ranar da kashi ya saki, ku koma ma'aunin jiya ku tsaya nan kwana biyu, kar ku watsar da abincin ku ɗauko wani. In likita ya ba ku garin nan na ƙwayoyin gyaran hanji da ake barbaɗawa a abinci, wannan lokacin ne yake da amfani.

Kashin da kuke nema shi ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, a dunƙule, wanda za a iya ɗauka da cokalin yashi bai watse ba, sau ɗaya ko biyu a rana.

Mataki na 8: In an yi duk wannan bai tsaya ba

Toh sai a fara zargin wani nama ne jikinta ba ya so. Waɗanda suka fi yin haka a kyanwa su ne naman sa, kifi, kaza da kayan madara, wato dai abubuwan da ta fi saba ci, sau da yawa kuma za ku ga da ƙaiƙayi a kai da wuya da kunne. Yadda ake gane wa shi ne a ba ta nama ɗaya da ba ta taɓa ci ba, kuma a nan mun yi sa'a, zomo, zabo, agwagwa, talotalo duk ana samu a kasuwa. A zaɓi ɗaya, shi kaɗai da ruwa, ko lasar wani abu babu. Na ciki yakan nuna sauƙi cikin sati biyu zuwa huɗu, na fata yana kai wa sati takwas ko fiye. In ta warke sai a sake gwada tsohon naman, in ciwon ya dawo an kama mai laifi. Tunda abin yana ɗaukar makonni, da sanin likita ake yinsa don a cike gibin abincin.

Kyanwar da ta manyanta kuwa, ta haura shekara bakwai ko takwas, tana amai tana ramewa tana yawan shan ruwa da fitsari, ko tana ci sosai amma tana ƙara ramewa, wannan gwajin jini take buƙata, ƙoda ko maƙoƙo ake dubawa, canjin kwano ba zai yi mata komai ba.

Mataki na 9: Ruwa, zafi da ajiya

Kyanwa ba ta da yawan jin ƙishi, amma tana buƙatar wajen mililita 50 ga kowane kilo na jikinta a rana har da wanda ke cikin abinci, mai zawo kuma ta fi haka. Ruwan da za ku sha shi za ku ba ta, a sauya safe da yamma, a ajiye kwanon nesa da bahon yashi, a rufe banɗaki kar ta sha na kwata ko na wanki. Mai cin busasshen abinci ana iya jiƙa mata da ruwan ɗumi.

A zafin Maris da Afrilu, jiƙaƙƙen abinci ko dafaffen nama kar ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya a kwano, abin da ta rage a zubar a wanke kwanon da sabulu a ɗauraye sosai. In wuta tana zama a unguwarku, ku dafa na kwana biyu zuwa uku ku sa a firij, ku ɗan ɗumama kafin ku ba ta, mai sanyi daga firij yana tayar wa wasu da amai. In wutar ba ta da tabbas ku dafa na yini-yini kawai, naman da ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa bai dace da wannan cikin ba. Busasshen abinci kuma a bar shi a buhunsa, a naɗe bakin a sa cikin roba mai murfi a ɗora a sama inda ba rana ba danshi, da damina ku riƙa shinshinawa, in ya yi warin tsohon mai ko ya fara fumfuna a zubar da shi duka.

Masu dogon gashi ku riƙa taje su kullum ko bayan kwana biyu, gashin da suke haɗiya wajen lasar jiki shi ma yana kawo amai. Bayan kashi ya daidaita, ku ci gaba da auna ta sau ɗaya a sati har wata guda, ku rage yawan ci daga sau biyar zuwa sau uku a rana a hankali, lokaci ɗaya kullum, kuma duk wani sabon abu da za a ƙara mata, ko dafaffen ƙwai ne, a gwada ɗan kaɗan a jira kwana uku kafin a ƙara wani.